Yadda Gida Zai Rage Sharar da Yake Kaiwa Bola

Mafi yawan abin da gidajenmu suke kaiwa bola a Kano da Kaduna da Zariya da sauran manyan garuruwan Arewa ba abin zubarwa ba ne. Idan aka zazzage buhun sharar gida guda aka baje shi a ƙasa, za a tarar da ƙasar tsakar gida da toka, da ɓawon dankali da na albasa, da ragowar tuwo, da kashin awaki, da ledojin fiya-wata, da robobin lemo, da gwangwanayen tumatir da na madara, da kwali, da tsumma. Kusan kowane ɗaya daga cikinsu yana da mai buƙatarsa, domin manomi yana son wani, mai kiwo yana son wani, ɗan gwangwan kuma yana biyan kuɗi ya ɗauki wani. Abin da yake mayar da su ƙazanta shi ne cakuɗa su wuri ɗaya, tunda kwalin da miya ta jiƙa ba ya sayuwa, ɓawon da ya gauraya da leda da fasasshiyar kwalba kuma ba ya zama takin kirki. Saboda haka aikin rage shara yana farawa ne a madafi da tsakar gida, a daidai lokacin da abu yake barin hannun mai shi.

Wannan ba baƙuwar dabara ba ce a ƙasar Kano. Shekaru aru-aru manoman ƙauyukan da suka kewaye birni suna shigowa da itace a kan jakuna da rani, su koma da mangaloli cike da shara da toka da kashin dabbobi, su zuba a gonakinsu kafin saukar damina, kuma wannan taki yana cikin dalilan da suka sa ake nome gonakin kewayen Kano kowace shekara ba tare da an bar su sun huta ba. Har yau ana kwasar tsohuwar bola a tifa a kai gona, amma duk wanda ya ga irin wannan gona bayan ruwan farko ya san abin da ya canza: leda ce take fitowa fili ta rufe kunya, ga ɓaraguzan kwalba suna yanke ƙafar mai noma. Wani rahoto da Bankin Duniya ya fitar a shekarar 2018 ya ƙiyasta cewa duniya tana samar da sharar gari fiye da tan biliyan 2 a shekara, kuma ya yi hasashen cewa sharar ƙasashen Afirka kudu da Sahara za ta ninka kusan sau uku kafin shekarar 2050. Haka nan ya nuna cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, fiye da rabin sharar ragowar abinci ce da ganyayyaki, wato abin da yake ruɓewa ya koma ƙasa. A ganina wannan ƙididdiga ta ƙarshe ita ce mafi amfani ga magidanci, domin tana nuna masa cewa rabin matsalar yana iya ƙarewa a cikin gidansa, ko motar kwasar shara ta zo ko ba ta zo ba.

A fara da sanin abin da gidan yake zubarwa

Kafin a sayi komai ko a haƙa komai, a ɗauki mako guda ana lura. A rubuta buhu nawa ko bokiti nawa na shara yake fita daga gidan, da kuɗin da ake ba mai kura ko yaron da yake kwasa, sannan a duba abin da ya fi yawa a ciki. Gidan da ake sana'ar abincin sayarwa zai ga ɓawo da toka sun rinjaya, gidan da yake da yara ƙanana zai ga famfas, gidan da ba shi da famfo ko rijiya mai kyau kuma zai ga ledar ruwa. Wannan rubutun shi ne ma'aunin da za a koma a duba bayan wata biyu ko uku don a gane ko ana ci gaba.

A gidajen da ba a dabe tsakar gida da siminti ba, za a ga cewa nauyin shara galibi ƙasa ce da tsintsiya take kwasowa. Ba daidai ba ne a riƙa biyan kuɗi ana fitar da ƙasar gida kullum, har tsakar gidan ta zama kwari ruwa ya riƙa kwanciya da damina. A yayyafa ruwa kaɗan kafin a yi shara, a tsince leda da takarda da hannu, ƙasar da ta rage kuma a mayar da ita inda ya lotsa ko a zuba ta cikin taki.

Daga nan sai a ware mazubai. Ba a buƙatar sayen kwandunan shara masu launi irin na ofisoshi. Tsohon bokitin fenti mai murfi da buhunan shinkafa ko na siminti da aka kakkaɓe sun wadatar. Bokitin mai murfi a ajiye shi kusa da murhu, shi ne na duk abin da yake ruɓewa. A rataye buhu ɗaya a inuwa inda ruwan sama ba ya taɓa shi domin robobi da gwangwanaye da kwalabe, wani buhun kuma domin ledar ruwa kaɗai. A nemi gwangwani babba mai murfi a ɗora shi inda hannun yaro ba ya kaiwa, domin abubuwa masu cutarwa. Abin da bai shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, shi ne sharar da za ta fita. Wannan tsari ba zai ɗore ba sai uwargida da 'yan aiki da yaran da suke shara sun fahimci dalilinsa, domin su ne masu riƙe da tsintsiya, kuma a gidan haya ko gidan gandu mai sassa da yawa ya fi kyau a zauna a yi magana da kowane sashe kafin a rataye buhun farko.

Abin da yake ruɓewa

Mataki na farko shi ne kada abinci ya kai ga zama shara. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin wannan: tuwon dare yana zama ɗumame da safe, ƙanzo ana busar da shi a jiƙa a ci ko a ba dabbobi, ƙasari da dusa na tumaki da awaki ne, tumatir da tattasai da kuɓewa kuwa idan suka yi araha a kaka ana yanka su a shanya. Abin da ya ƙaru a zamaninmu shi ne dafa abin da ya fi ƙarfin gida saboda dogaro da firiji, alhali wutar lantarki ba ta da tabbas, sai a wayi gari tukunya guda ta lalace. A auna abin da za a girka da yawan masu ci, abin da ya ragu kuma a bayar da shi ga mabuƙaci tun yana da kyau, ba sai ya fara tsami ba. Gidan da ba ya kiwo ya nemi maƙwabcin da yake yi, su shirya yaro ya riƙa zuwa da yamma yana ɗaukar ɓawon dankali da na wake da ganyen kabeji.

Abin da dabba ba za ta ci ba shi ne kayan taki, kuma a nan ne ya kamata a fi mayar da hankali, domin shi ne yake sa bola wari, shi yake tara ƙudaje da ɓeraye, kuma idan ya ruɓe a ƙarƙashin tarin shara inda iska ba ta shiga, yana fitar da wata iska mai kamawa da wuta da ake kira mitan, wadda take cikin abubuwan da suke sa manyan jujai su yi ta ci da wuta da kansu, take kuma ƙara ɗumamar yanayi. Wannan ɓawon dai, idan ya ruɓe inda iska take ratsa shi, taki yake zama ba tare da wari ba.

Mai fili a bayan gida ya haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya zuwa biyu a inuwar bishiya, nesa da rijiya. Wanda ba shi da fili ya nemi tsohon duro ko babban baho da ya fashe, ya huda shi a gindi da gefe-gefe, ya ɗora shi a kan bulo. A shimfiɗa kara ko ƙananan rassa a ƙasa don iska ta samu hanya. Daga nan sai a riƙa zubawa hawa-hawa: ɗanyen kaya irin su ɓawon doya da dankali da ayaba, ruɓaɓɓen kayan miya, ganyen shayi da dakakken ɓawon ƙwai, sannan a rufe su da busasshen kaya irin su ganyen da aka share, ƙaiƙayi, buntun shinkafa, garin katako ko kwalin da aka yayyaga. Busasshen ya kamata ya fi ɗanyen yawa, kamar kashi biyu bisa ɗaya, kuma duk lokacin da aka juye bokitin madafi a tabbatar an lulluɓe shi, domin wannan rufin shi ne yake hana ƙuda da wari. Kashin awaki da na tumaki da na kaji suna hanzarta ruɓewa, kuma sanya su a ramin ya fi zuba su kai tsaye a gindin shuka, musamman kashin kaji wanda ɗanyensa yake ƙone tsiro. Toka a barbaɗa ta kaɗan-kaɗan. Idan ta yi yawa tana rage wa takin ƙarfi. Ba a sa nama, ko ƙashi, ko kifi, ko miya mai maiƙo sosai, saboda gafiya da karnuka, kuma ba a sa kashin kare ko na kyanwa ko famfas ko kaɗan.

Danshi shi ne abin da ya fi wahalar kiyayewa a yanayinmu. A damƙi takin a hannu a matse: idan ya dunƙule yana da laima amma ruwa bai ɗiga ba, ya yi daidai. Da hunturu da bazara tarin yana bushewa cikin 'yan kwanaki ya daina aiki, saboda haka a riƙa yayyafa masa ruwan wankin shinkafa ko na kayan miya, ba ruwan omo ba, a kuma rufe shi da tsohon buhu ko tabarma. Da damina kuwa rami yana iya cika da ruwa, sai ya fi kyau a tara takin a kan tudu a yi masa rufi. A juya shi da shebur ko fartanya bayan kowane mako ɗaya ko biyu. Idan aka tura hannu tsakiyarsa aka ji zafi, alama ce aikin yana tafiya, kuma wannan zafin yana kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. Idan yana wari, ruwa ya yi masa yawa ko ɗanyen kaya sun rinjaya, sai a ƙara busasshen ganye a juya. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi ya yi laushi, ƙamshinsa ya koma irin na ƙasar da ruwan farko ya jiƙa, kuma ba za a iya gane abin da aka zuba tun farko ba.

Wannan taki yana da wurin zuwa ko da mai gidan ba manomi ba ne. Ana cakuɗa shi da ƙasa a buhu a shuka tumatir, attaruhu, alayyafo, rama ko kuɓewa a gefen katanga, ana zuba shi a gindin zogale da gwanda, masu lambu da masu rainon furanni a bakin titi kuma suna karɓarsa. A lokacin da kuɗin buhun takin zamani ya fi ƙarfin ƙaramin manomi, buhun taki mai tsabta wanda babu leda a cikinsa kyauta ce mai daraja ga ɗan'uwa a ƙauye.

A lokacin babbar salla sharar irin wannan tana ƙaruwa ƙwarai. Fatar layya a zuba mata gishiri da wuri a bayar da ita kafin ta lalace, domin majema da masana'antun fata na Kano suna buƙatarta. Abin cikin tumbi a binne shi cikin ramin taki a rufe da ƙasa, kada a tura shi kwata, ƙasusuwa kuma akwai masu tara su don haɗa abincin kaji.

Abin da yake sayuwa

A garuruwanmu, masu aikin sake sarrafa shara na haƙiƙa su ne 'yan gwangwan da 'yan jari-bola da dillalan da suke saye daga hannunsu. Kasuwar Panteka a Kaduna ta daɗe da shahara wajen mayar da tsohon ƙarfe ya zama murhu da tukunya da akwati da kayan aikin gona, a Kano kuma masana'antun roba na Sharada da Challawa da Bompai suna niƙa tsohuwar roba su narkar da ita su fitar da buta da bokiti da baho. Abin da gida zai yi shi ne ya miƙa wa wannan kasuwa kayanta da tsabtarsu, maimakon a bar yaro ya tono su daga cikin ruɓaɓɓen abinci da allurai ba safar hannu ba takalmi.

Roba iri-iri ce, kuma a gindin yawancin kayan roba akwai lamba a cikin alama mai kusurwa uku. Lamba 1 ita ce robar ruwa da ta lemo mai garai-garai, wadda ake dannewa a ɗaure, a niƙa ta, a mayar da ita zare ko audugar matashin kai ko sabuwar roba. Lamba 2 da lamba 5 su ne masu kauri, irin su jarka, bokiti, kujera, baho da murafen robobi, kuma su ne masana'antun cikin gida suka fi nema. Lamba 6 ita ce farar soson da ake zuba abincin sayarwa a ciki, wadda da wuya a samu mai sayenta, kuma saboda toshe magudanai da take yi ne gwamnatin jihar Legas ta haramta ta a watan Janairun 2024. Ba sai an haddace waɗannan lambobi ba, amma yana da kyau a san cewa dillali yana biyan kaya da daraja idan an ware masa iri-iri. A ɗauraye robar da ragowar ruwan wanke-wanke, a bar ta ta bushe, a taka ta ta lotse don kada ta cika buhu da wuri. Wadda take da kyau da murfinta kada a lotsa ta, domin masu zoɓo da kunun aya da man gyaɗa suna sayenta da ɗaiɗaya, kuma sake amfani da abu yadda yake ya fi narkar da shi.

Gwangwanin lemo na alminiyom yana cikin abubuwan da suka fi daraja a buhun, tare da tsofaffin tukwane da murafensu, domin masu zubin tukunya suna narkar da su, kuma narkar da tsohon alminiyom yana cin kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na makamashin da ake buƙata wajen samar da sabo. Gwangwanin tumatir da na madara ƙarfe ne, ana gane shi da maganaɗisu, kuma yana tafiya tare da tsohon kwano da langa-langa da ƙusoshi. Kwali da takarda sharaɗinsu ɗaya ne, kada su jiƙe. A buɗe kwalin a shimfiɗe shi, a ɗaure da igiya a ajiye a zaure. Takardun da suke ɗauke da ayoyin Alƙur'ani ko sunayen Allah ba sa shiga cikin waɗannan, a ware su a bi da su yadda malamai suka koyar. Kwalbar da ba ta fashe ba tana da masu saye, silifas da takalman roba da suka tsinke su ma ana karɓarsu. Tufafin da suka yi wa yara kaɗan a bayar da su, waɗanda suka mutu kuma su zama tsumman goge-goge, ƙyallayen tela su zama cikon matashi.

Kuɗin da gida ɗaya zai samu daga wannan buhu ba mai yawa ba ne, kuma farashi yana hawa yana sauka, saboda haka kada a fara da tsammanin riba mai tsoka. Abin da na ga ya fi dacewa shi ne a bar kuɗin ga wanda yake ɗawainiyar rarrabewar, ko uwargida ce ko 'yar aiki ko yaran gida, domin wanda ya ga amfanin abu a hannunsa ba ya buƙatar a riƙa tuna masa. Sannan a tsayar da ɗan gwangwan guda wanda aka san shi, aka san inda yake kai kayansa, a sa masa ranar zuwa. Gaskiya ne ana kuka da ɓata-garin da suke fakewa da wannan sana'a suna satar wayoyin wuta da murafen kwata da kayan gini, amma maganin wannan shi ne unguwa ta san masu shigarta, ba a kori sana'ar da take kwashe mana abin da hukuma ba ta iya kwashewa ba.

Leda

Leda ita ce sharar da ta fi ƙarfin tsohon tsarinmu, domin ba ta ruɓewa, ba ta da nauyin da zai sa a yi sha'awar tsintarta, kuma iska tana ɗaukarta ko'ina. Ita ce take toshe lambatu ruwa ya shiga gidaje a watan Agusta, ita take riƙe ruwan da sauro yake hayayyafa a ciki, kuma mahauta sun sha fito da dunƙulenta daga tumbin shanu da awakin da suka rame ba a san dalili ba. Ƙasar Ruwanda ta haramta ledar cefane a shekarar 2008, Kenya ta yi haka a 2017, Jamhuriyar Nijar ma ta kafa dokar hana ta a 2014, duk da cewa wanda ya shiga kasuwannin Maraɗi ko Damagaram ya san doka kaɗai ba ta raba mutane da ita ba.

Ledar fiya-wata tana da masu saye a kilo idan ta bushe kuma babu ƙasa a jikinta. Buhun ruwa ɗaya yana ɗauke da leda 20, saboda haka gidan da yake shan buhu biyu a rana yana tara leda 1,200 a wata, ban da manyan ledojin da aka ƙunso su a ciki. A koya wa kowa a gidan ya matse ragowar ruwan ya jefa ledar a buhunta nan take, kada ta fara taɓa ƙasa. Gidan da yake da hali ya koma ga tafasa ruwa ko tace shi a zuba a randa ko kula, ko sayen babbar robar ruwa da ake mayarwa a sake cikawa.

Baƙar ledar cefane kuwa, kusan babu mai sayenta, don haka rage karɓarta shi ne kawai mafita. A tafi kasuwa da kwando ko jakar buhu ko ta yadi, wadda kowane tela zai iya ɗinkawa daga ragowar atamfa. A aiki yaro sayen ƙosai ko koko ko wake da shinkafa da kwano mai murfi, kamar yadda aka saba a da, tunda dama zuba abinci mai zafi a leda ba alheri ba ne ga lafiya. Ledar da ta riga ta shigo gida a ninke ta a sake amfani da ita har sai ta yage. Kada a hura wuta da ita, kuma kada a ƙone ta a ƙofar gida, domin hayaƙin roba yana ɗauke da guba mai illa ga huhu, masu asma da jarirai da tsofaffi kuma su ne suka fi jin jiki.

Abin da yake cutarwa

Gwangwanin da aka ɗora a sama shi ne na reza, allura, sirinji, fasasshiyar kwalba, ƙananan batura da ƙwan fitila. Abubuwa masu kaifi a zuba su a roba mai kauri, idan ta cika a rufe ta gam a naɗe da salatif kafin ta fita, allurai kuma a tambayi asibitin sha-ka-tafi na unguwa ko za su karɓa su haɗa da nasu. Dogon ƙwan fitila da mai lanƙwasa suna ɗauke da zaiba, wani sinadari mai guba, kada a fasa su. Batirin waya da na fitilar caji yana iya kamawa da wuta idan aka huda shi ko aka jefa shi a wuta. Robar maganin ƙwari da ta maganin feshin gona ba a sake zuba abin ci ko abin sha a cikinta ko an wanke ta sau nawa. A huda ta don kada wani ya tsinta ya yi amfani da ita.

Batirin mota da na sola, waɗanda suka yawaita a gidaje yanzu, suna buƙatar kulawa ta musamman saboda dalmar da take cikinsu. Mutanen Arewa sun ga abin da dalma take yi a shekarar 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, sakamakon niƙa duwatsun zinare masu ɗauke da ita a cikin gidaje. Dalmar batir ita ce dai wannan dalmar. Kada a fasa batir a gida, kada a zubar da ruwansa a kwata, kada a bar yara su yi wasa kusa da shi. A mayar da shi yadda yake ga mai sayar da batir, wanda galibi yana karɓar tsoho ya rage kuɗin sabo. Haka nan kada a yarda a ƙone tsohuwar wayar wuta a unguwa don a ciro jan ƙarfen ciki, a fere robar da wuƙa ya fi.

Daga gida zuwa unguwa

Gida ɗaya yana iya rage shararsa, amma dillali ba zai turo mota saboda buhu ɗaya ba. Idan gidaje ashirin ko talatin na layi guda suka haɗa kai, aka samu wani kango ko gefen shago aka mayar da shi wurin tarawa, aka sayi sikeli ɗaya da littafin rubuta kilo na kowane gida, za a iya tsallake ɗan tsakiya a sayar kai tsaye da farashi mafi kyau. A Legas kamfanin Wecyclers, wanda Bilikiss Adebiyi-Abiola ta jagoranci kafa shi a shekarar 2012, ya ginu ne a kan irin wannan tsari, inda ake bi gida-gida da kekuna ana auna kaya ana rubuta wa kowane gida maki da zai canza da kuɗi ko kayan amfani. Ƙungiyar matasan unguwa ko ta matan da suke adashi tana iya yin kwatankwacinsa da littafi da biro. A sanar da mai unguwa tun farko, a roƙi liman da malaman Islamiyya su yi bayani, domin hadisi ya inganta cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, kuma makarantu wuri ne da ledar ruwa take taruwa da yawa a kullum. Ranar tsabtar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata lokaci ne da ya dace a yi awo da rabon kuɗi, tunda kowa yana gida. Idan aka yashe kwata a ranar, a kwashe abin da aka fitar kafin ruwan sama ya mayar da shi ciki.

Bayan duk wannan akwai abin da zai rage: famfas, audugar mata, yagaggiyar leda, ledojin biskit da na taliyar yara masu ƙyalli, da farar soson abinci. Famfas a naɗe shi a ƙulle, kuma iyayen da za su iya su koma ga nafkin na yadi da rana su bar famfas sai dare ko tafiya, domin wannan kaɗai yana rage kashe kuɗi da yawan shara a gidan mai jego. Wannan ragowar ita ce haƙƙin hukuma, wato REMASAB a Kano, da KEPA a Kaduna, da takwarorinsu a sauran jihohi, kuma mazauna unguwa suna da ikon zuwa a ƙungiyance wurin kansila da shugaban ƙaramar hukuma su nemi a ajiye musu mazubi a riƙa kwashe shi a kan kari. Wanda yake ba mai kura ko almajiri shara kuma ya tambaye shi inda yake kai ta, ya biya shi kuɗin da zai isa ya kai ta wurin da aka keɓe, domin idan ladan bai taka kara ya karya ba, kwata ko kududdufi ko kangon da ya fi kusa ne za su karɓe ta. Bayan wata uku a ɗauko takardar makon farko a sake ƙirga buhunan da suke fita, abin da aka ga ya fi yawa a cikin ragowar kuma shi ne za a duba yadda za a rage sayensa a cefanen wata mai zuwa.